Huda a Saman Kunnen Tasalla

Tasalla matar Gwadabe ta Badafi ta riga ta aurar da 'ya'ya, ta goyi jikoki, furfura ta fara leƙowa ta gefen kitsonta, sannan ne ta zauna aka huda mata kunne. Ba kuma fatar ƙasa ba, inda kowace 'ya mace take da huda tun tana zanen goyo. Can sama aka huda, a guringuntsi, wurin da ko ƙuda ne ya sauka sai mutum ya ji har tsakar kansa. Mutanen gari suka ce tsufa ne ya zo mata da gardama. Masu faɗin haka ba su san Dado ba ne.

Dado Bafulatana ce. Duk shekara in an gama girbi, rugarsu takan sauka a gonar Gwadabe, shanu su ci kara su bar taki, in rani ya matsa kuma su ɗaga su nufi kudu, wajen duwatsun Doguwa inda ake samun ruwa. Tun suna amare suka ƙulla ƙawance ita da Tasalla. Dado ta kawo nono da man shanu, Tasalla ta ba da daddawa da kuka, sannan su zauna a gindin rumbu su yi ta tsiya har la'asar. Dado ba ta kiran ta da suna, sai "Kaɗo", yadda Fulani ke ce wa Bahaushe. Tasalla kuma ta rama da "'Yar daji".

A shekarar da abin ya faru, lokacin da motocin lorin gyaɗa suka yi yawa a hanyar Zariya ana kuma ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, Dado ta shigo sallama ana gobe za su tashi. Ta kai hannu kunnenta, inda zobban azurfa suka yi layi tun daga ƙasa har sama, ta zare ɗaya.

"Ungo, Kaɗo. Na uwata ne."

Tasalla ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi wajen tsohuwar hudarta.

"Ba nan ba," in ji Dado. "Nan kowace mai tallan ƙosai tana da shi. Sama za ki sa, inda nake sa nawa."

"Ni da jikoki? So kike a yi da ni a bakin rijiya?"

"To ba ni abina."

Tasalla ta damƙe hannu. Magana ta ƙare ke nan.

Dado ta miƙa mata allura ta ce ta zura zaren, wai ita rana ta kashe mata ido. Ta gasa tsinin a garwashi. Sannan ta yi ta lalubar kunnen da yatsu, ta kawo fuskarta kusa har Tasalla tana jin numfashinta a wuya. Sai ƙus! Salatin da Tasalla ta saki sai da kaji suka watse. Da ta ɗauko ɗan madubinta ta duba, ta ga hudar ta yi sama da yawa, kuma a karkace ta shiga.

"'Yar daji, da ƙafa kika huda ni?"

"Kunnenki ne karkatacce. Saurara. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri, safe da yamma. Kada ki taɓa da hannu, kada ki kwanta a kai, kada ki rufe shi, kada ki shafa komai. Guringuntsi ba fata ba ne, yana da riƙo, sai ya ga dama yake warkewa. In ya warke ki cire zaren ki sa zoben. Baɗi in mun dawo, in tarar da shi a kunnenki. In na tarar hudar ta toshe, ki riƙe daddawarki, ni ma in riƙe man shanuna."

Tasalla ta yi dariya. Da ta ɗago ta ga Dado ba dariya take yi ba, sai abin ya tsaya mata a rai.

Wahala ta fara tun daren farko. Kunnen dama aka huda, ita kuwa duk rayuwarta a dama take kwanciya. Da barci ya ɗauke ta sai jiki ya koma inda ya saba, ta farka tana kiran sunan Allah. In ta zo shafar kunne a alwala sai ta manta, yatsa ya taɓo zaren, hawaye su haɗu da ruwan alwala. Ga kuma kunya. Don kada a gani, ta jawo ɗankwali ta ɗaure shi tamau a kan kunnen, abin da aka ce kada ta yi. Gwadabe kam bai zama abin tsoro ba. Mutum ne da zai hango jakinsa daga nesa ya ce ya rame, amma matarsa ta sake kitso sau goma bai gani ba.

Wadda ta tona asirin jikarta ce, Salamatu, da ko yaye ba a yi mata ba. Tasalla ta goya ta tana tankaɗe, yarinya ta miƙo hannu ta fizge ɗankwali, ta ga zare yana lilo, ta kama ta ja. Ihun ya kai har zaure. Kafin Tasalla ta mayar da ɗankwalin, Goggo Turai ta riga ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda.

Goggo Turai uwar Gwadabe ce, tsohuwar ungozoma, rabin mutanen Badafi ita ta yanke musu cibi. Tasalla ta yi jikoki, amma har gobe a durƙushe take gaishe ta, kuma tunda aka kawo ta gidan bakinta bai taɓa furta mata "a'a" ba. Goggo ta kama kunnen ta juya shi kamar mai taya kaza a kasuwa.

"Ke 'yar nan, da girmanki. Garin neman gira za ki rasa ido. Me kike sa masa?"

"Ruwan ɗumi da gishiri, Goggo."

"Gishiri? Miya ce kunnen?"

Nan take ta kwaɓa man shanu da toka ta lafta. Washegari ta ce toka ta yi sanyi, ta sa garin bagaruwa. Da kunnen ya yi ja, ta ce alamar magani yana aiki ne, ta ƙara kanwa. Tasalla takan ce "Na gode, Goggo", ta shiga ɗaki ta ciji zane.

Labari kuwa ya bazu, mata suka fara zuwa dubiya. A gaskiya kallo suke zuwa yi, amma ba a zuwa kallo hannu rabbana, kowace da ɗan ƙullinta. Wannan ta kawo zuma, waccan sabulun salo, wata saƙar gizo da ta kwaso daga rufin ɗakinta, wai da ita aka warkar da kakanta. Ba a mayar wa mai dubiya maganinta, kuma ba ta tashi sai ta ga an shafa. Kunne ɗaya ya zama gonar gandu, kowa da kuyyarsa.

Daga ƙarshe har Gwadabe ya lura, don ya yi magana ta gefen dama bai ji an amsa ba. Tausayi ya kama shi. Ranar da ya kai gyaɗa Kwanar Dangora a kan jaki, ya dawo da wata 'yar kwalba a aljihu, yana tafiya yana taɓa ta.

"Tasalla, kawo kunnen. Man birki ne. Wani direba Habu ya sam mini. Ya ce harbin kunama, ciwon haƙori, gyambo, duk ba ya bari."

"Malam, na mota ne fa."

"Shi ya sa. Abin da yake tsayar da lori da kayanta a gangara, ɗan ciwon nan ne zai gagare shi?"

Ya ɗiga mata da kansa, da karan tsintsiya, a hankali, harshensa a waje don ƙoƙari. Rabon da ya yi mata wata hidima da hannunsa har ta manta, don haka ta kasa hana shi. Ta ji daɗi a zuci, kunne kuwa ya ji wuta.

Kafin mako ya zagayo saman kunnen ya kumbura ya yi suntum kamar ƙosai, yana zogi yana tsatsafar ruwa, ƙudaje na yi mata rakiya duk inda ta nufa. Goggo ta duba ta girgiza kai.

"Zaren nan ne mugun. Gobe a kira Shitu wanzami ya cire shi, ya tsaga wurin ya matse, a bar hudar ta toshe kowa ya huta."

Tasalla ta ce "To, Goggo", don ba ta san wata amsar ba. Ta koma gindin rumbu, daidai inda suke zama da Dado, ta kwance bakin zanenta ta dubi zoben azurfar. Ba ciwon ne ya sa ta kuka ba. Tunanin ranar da Dado za ta shigo da ƙwaryarta ta tarar da hudar a toshe ne, ta juya ba tare da ta ce "Kaɗo" ba. Ta jingina kai da rumbu tana sharar hawaye, har gyangyaɗi ya sace ta.

Wani abu mai kaushi da ɗumi ne ya tashe ta. Kyalla ce, akuyar Goggo, wadda tsohuwar take ji da ita fiye da wasu jikokin. Ƙanshin kanwa da zuma ya jawo ta, ta sa harshe ta lashe kunnen tas, har da man birkin Gwadabe. Tasalla ta kai mata duka, akuya ta yi tsalle ta tafi tana lasar baki.

Washegari da hantsi Shitu wanzami ya yi sallama da zabirarsa. Ya tarar da gidan ba yadda ya zata ba. Kyalla tana kwance a turke, ciki ya kumbura, zawo ya ɓata mata ƙafafu, Goggo na tsaye a kanta tana salati. Tasalla ta dubi akuyar, ta dubi askar da Shitu yake wasawa a tafin hannu, sai Allah ya kawo mata dabara, ko kuma dai wanin Allah, don ƙarya ce tsagwaronta. Ta durƙusa.

"Goggo, akwai maganar da nauyin baki ya hana ni faɗa. Dado ta ce hudar Fulani ba ta son hannu biyu. Duk wanda ya taɓa ta, in ba mai kunnen ba, a kan dabbarsa abin yake sauka. Jiya kuwa Kyalla da bakinta ta lashe ta."

Kowa a Badafi ya san Fulani ba a rasa su da abinsu, in ba haka ba ta yaya yaro ɗaya da sanda zai juya garke guda? Goggo ta dubi yatsunta, ta goge su a zane. Shitu kuwa yana da sa da yake kiwo don Babbar Salla. Ya mayar da aska cikin zabira a hankali.

"Ni dama, Goggo, aski na zo yi wa Malam Gwadabe."

Gwadabe, da kansa yake ƙyalli tun askin Juma'a, bai ma ji ba. Ya riga ya zura da gudu bayan gida duba jakinsa. Da ya dawo ya tarar da wanzami na jiran sa, kunya ta hana shi musu, ya zauna aka sake kankare kan da babu komai a kansa.

Tasalla ta yi istigfari iya iyawarta, ta kuma yi jinyar Kyalla da ruwan kanwa har ta miƙe. Amma ba ta janye maganar ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara kusantar kunnen. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa, don kowace tana da 'yan kajinta. Goggo in za ta wuce sai ta bi ta hagu. Uwar Salamatu ma ta daina ba ta goyo, saboda tana da tunkiya mai ciki.

Sai a lokacin kunnen ya samu abin da Dado ta ce a ba shi. Safe da yamma Tasalla ta tafasa ruwa a ƙaramar tukunya, ta bar shi ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, ta barbaɗa gishiri kaɗan. Ta tsoma sabuwar auduga ta ɗora a wurin, ta bar ɗumin ya jiƙa ɓawon har ya saki da kansa, ba ta ɓamɓara ba. Ta koma ɗaura ɗankwali ta bayan kunne, iska na shiga, mai kallo ya kalla. Maganar kwanciya kuwa, gammonta na ɗaukar tulu ta mayar matashi, ta riƙa sa kunnen a cikin raminsa. Kumburi ya fara sacewa. Guringuntsin dai da riƙo, kamar yadda aka faɗa. Yau ya yi kamar ya warke, gobe ya tashi da fushi don gefen mayafi ya shafe shi. Haka suka ci damina suna lallashin juna.

Ana yankan gero ta cire zaren ta zura zoben. Ya shiga. Sai dai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake ya zauna a bayan hudar, tukuicin magungunan Badafi, kuma saboda karkatar hudar zoben ya ƙi kwanciya, ya tsaya yana leƙen gefe. Duk lokacin da ta duba madubi sai ta ƙara wa jawabin da take tanadar wa Dado tsawo. Za ta fara da karkatar hudar, ta bi da ƙosai, ta rufe da akuya. Har gwadawa take yi ita kaɗai in tana daka.

Aka girbe dawa. Wata safiya aka ji kukan shanu a gonar Gwadabe. Tasalla ta yi wanka, ta goge zoben da toka har ya yi ƙyalli, ta share gindin rumbu ta shimfiɗa tabarma. Dado ba ta zo ba. Washegari ma haka. Da aka kawo nono, matar ɗan Dado ce ta kawo. Tasalla ta tambaye ta, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Tana ruga," ta ɗauki ƙwaryarta ta fice.

Ran Tasalla ya ɓaci ƙwarai. Ita ta sha toka, ta sha man birki, ta yi wa surukarta ƙarya da girmanta, sannan 'yar daji ta zauna a ruga tana jiran a zo gaishe ta kamar matar hakimi? Ta ce ba za ta je ba. Ta faɗa wa turmi, ta faɗa wa Kyalla. Da la'asar ta ƙulla daddawa, ta yafa mayafi, ta ce ai zumunci a ƙafa yake, kuma jawabin nan ba zai ruɓe mata a ciki ba.

Da ta isa ruga ta hango Dado zaune a ƙofar bukka, fuskarta na kallon hanya. Tasalla ta ƙi yin sallama don ta nuna fushi. Ta zo ta tsaya a gabanta, ta janye mayafi, ta karkata kai yadda rana za ta haska zoben. Dado ba ta dubi zoben ba. Idanunta a buɗe suke, amma sun wuce Tasalla suna kallon wani wuri a bayanta, kuma wani fari-fari ya rufe su.

"Wane ne?" in ji Dado. "Na ji ƙanshin daddawa."

Ƙullin daddawar ya faɗi daga hannun Tasalla. Ta tuna allurar da aka ba ta ta zura zare, ta tuna yatsun da suka yi ta lalube. Ta durƙusa a gabanta.

Dado ta miƙo hannu. Ta taɓa kafaɗa, ta hau wuya, ta bi gefen fuska har kunne. Yatsunta suka wuce tsohuwar huda ba su tsaya ba, suka hau sama, suka ci karo da zoben. Ta juya shi sau ɗaya. Fuskarta gaba ɗaya ta washe.

"Kaɗo."

"Kin sani," in ji Tasalla. "Tun bara kin sani, kika ƙi faɗa mini."

"In faɗa miki ki cika mini ido da toka?" Yatsunta suka koma bayan kunnen suka tarar da ƙullin. "Ga shi kuwa. Wannan kuma fa? Na ce kada ki shafa komai."

Tasalla tana kuka tana dariya ta ba ta labarin Goggo da man birki da Kyalla, da asirin da ta ƙaga wa Fulani. Dado ta yi dariya har da tari.

"Da muna da wannan asirin, da mai karɓar jangali ya isa ya shigo ruga?" Ta numfasa, hannunta bai bar kunnen ba. "Muryarki na san ta, Kaɗo, ko cikin kasuwa. Fuskar ce na san za ta tafi. Na ce bari in bar wani abu a jikinki da hannuna zai riƙa gani. Saniyar da muke so ma a kunne muke yi mata alama."

"Saniya kika mayar da ni ke nan."

"Wadda ba a sayarwa." Ta sake shafa zoben, ta ɗan yamutsa fuska. "Amma hudar nan ta karkace. Ga shi ina ji, zoben ko kwanciya bai yi ba. Na ɓata miki kunne."

Jawabin da Tasalla ta yi damina guda tana tanadi ya zo mata har maƙogwaro. Ta haɗiye shi.

"Daidai take," ta ce. "Kunnena ne karkatacce."

Ta gyara zama a gefen hagun Dado, ta matso da kanta yadda hannun ba zai yi nisa da kunnen ba.